Wata Biyar da Nokia 105 a Hannun Mai Sayar da Atamfa

Wata biyar ke nan ina riƙe da Nokia 105, baƙa, mai layi biyu. Da yawa daga cikin masu sayen kaya a wurina sun tambaye ni me ya sa yanzu ba sa samuna a WhatsApp bayan isha'i, wata ma har ta aiko ƙanwarta ta duba ko lafiya nake. Lafiya ƙalau. Wata waya ce na ƙara saya, kuma ga bayaninta ga duk wadda take tunanin yin abin da na yi.

Sana'ata sayar da atamfa da leshi da mayafai daga gida. Ina sarowa a Kantin Kwari, in ɗauki hoto, in ɗora a sitatus da Instagram. Wadda ta gani tana so ta yi magana, ta turo kuɗi, in ba ɗan sahu ya kai mata, ko in kai tasha idan ta wani gari ce. Shekara shida ina wannan. Duk wadda ta san harkar ta san wayar ita ce shagon, ita ce teburin, ita ce yaron shago. Sai dai shagon Kwari yana da ƙofa. Yamma ta yi a ja a sa kwaɗo, kowa ya kama hanyar gida. Nawa ba shi da ƙofa, kuma a ƙarƙashin matashina yake kwana. Ga sitatus ba ya wuce awa 24 ya ɓace, don haka kullum sai an sake jera kaya kamar jiya ba a jera ba.

Wani dare a goman ƙarshe na azumin bana, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, wata ta turo saƙo: "Anti, wannan zanen kina da shi a ruwan toka?" Ba wuta. Na tashi na kunna tocilar wayar, na kwance ɗaurin kaya a falo, na bincika har na samo turmi huɗu masu kama da abin da take nufi, na shimfiɗa su a kan kujera na ɗauki hoto na tura. Alamar nan biyu ta koma shuɗiya, ta gani ke nan. Ba ta ce komai ba har yau. Ban ga laifinta ba, wataƙila barci ne ya ɗauke ta. Ni ce ban koma barcin ba. Tun da wayar tana hannuna sai na leƙa Instagram in ga me sauran masu atamfa suka ɗora, na ga wata ta sauke farashi, na shiga lissafi, daga nan na faɗa TikTok. Ban farga ba sai da na ji ƙarar tukunya a maƙwabta ana ɗumamen sahur.

Rashin barci a azumi kowa yana yi. Abin da ya tsorata ni bayan Sallah ya zo. Na je Kwari, mutumin da nake saye a wurinsa ya buɗe mini sabon zane mai kyau ƙwarai, na tsaya ina kallo ban ji komai a raina ba, lissafin yadda zai fito a hoto kawai nake yi. Ni da tun ina yarinya nake bin Hajiyarmu kasuwa don in shaƙi ƙamshin sabon turmi. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Yara su yi mini magana in amsa da tsawa. A sati ɗaya na yi kuskuren da ban taɓa yi ba, kayan wata ta Zariya na ba direban Katsina.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Da na ba ta labari ina cewa kasala ce ta kama ni, sai ta ce, "Yaya, wannan ba kasala ba ce." Ta ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin irin wannan gajiyar da aiki ke jawowa idan nauyinsa ya daɗe a kan mutum ba a sauke ba, kuma alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji sana'arsa ta fita daga ransa, sannan aikin da yake yi da kyau ya fara lalacewa a hannunsa. Ta ƙirga su da yatsu, na ga duka ukun a jikina.

Kafin in sayi wata waya sai da na gwada abin da ke cikin babbar wayata. Wayoyin Android suna da wani sashe a saitin da ake kira Digital Wellbeing, Google ya fito da shi a 2018. Yana nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja da sau nawa ka buɗe wayar. Ranar farko da na duba na ga awa tara da 'yan mintoci, na zauna shiru. Yana da agogon da za ka sa wa manhaja, in lokacin ya cika hotonta ya dushe ta ƙi buɗewa sai bayan sha biyun dare. Akwai kuma tsarin lokacin barci da ke mayar da fuskar wayar fari da baƙi. Wannan na ƙarshe ya yi mini amfani sosai, domin kallon atamfar wasu ba launi ba shi da wani daɗi, nan da nan nake ajiyewa. Amma mukullin duka yana hannuna. Taɓawa biyu ko uku ce in ƙara wa agogon lokaci, kuma kullum ina da hujja, ai wataƙila ciniki ne. Manhajar tana yin abin da aka yi ta dominsa, kuma har yanzu ina amfani da ita da rana. Ga wadda abincinta ke cikin wayar dai, ita kaɗai ba ta isa ba.

Maigida ne ya kawo shawarar. Wani dare ya ga hasken waya a ƙarƙashin bargo, da safe ya ce, "Me zai hana ki raba layin gida da na kasuwa? Wanda yake nemanki don ke ya same ki a ɗaya, mai neman atamfa ya jira gari ya waye." Bayan Babbar Sallah muka je kasuwar waya ta titin Beirut. Yaron shagon ya tambaye ni, "Hajiya, ta yarinya ce ko ta mai aiki?" Na ce tawa ce. Ya jero mini itel da Tecno masu madannai da Nokia, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da rakani-kashi. Na zaɓi Nokia 105 saboda ita ce ta fi kowacce rashin kayan ɗaukar hankali. Kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai kyau guda ɗaya ba.

Wayar kanta. Sunan 105 ya daɗe, ta farko ta fito a 2013, kuma yanzu kamfanin HMD na ƙasar Finland ne ke yin su da sunan Nokia. Tawa samfurin 2023 ce. Fuskarta ba ta kai inci biyu ba. Jikinta roba ne, ba nauyi, tana shiga ƙaramar jakar hannu ko aljihun doguwar riga ka manta tana nan. Ta faɗi a kan siminti sau biyu, sau ɗaya murfin bayan ya fita, na mayar, ta ci gaba da aiki. Ba kyamara, ba WhatsApp, ba Facebook. Kira, saƙon tes, rediyo, tocila, ƙararrawar tashi, kalkuleta da wasan maciji, shi ke nan.

Batirin 1000 mAh ne. Na babbar wayata ya ninka shi biyar, amma ita kullum sai ta sha caji, wani lokaci sau biyu. Wannan kuwa da kira da rediyo tana kai mini kwana biyar zuwa shida. A gidan da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan kaɗai ya rage mini wata damuwa da ban san tana cina ba, ta yawon neman inda zan maƙala caja. Bakin cajar irin na tsofaffin Android ne, ɗan siriri, ba irin na sababbin wayoyi ba, don haka cajar babbar wayarki ba lalle ta shiga ba. A ajiye tata da kyau.

Rediyon shi ne abin da na fi so, kuma ban saye ta dominsa ba. Yana kamawa ba sai an sa abin kunne ba. Ina ɗora ta a kan kanta a kicin, Freedom Radio a 99.5 ko Arewa Radio a 93.1, ina yankan alayyahu ina ji. Na daɗe ina tunanin me ya sa labarin rediyo ba ya gajiyar da ni kamar na waya alhali abu ɗaya ake faɗa, tsadar kaya ce, rashin tsaro ne, siyasa ce. Abin da na gano shi ne labarin rediyo yana ƙarewa. Mai karantawa ya gama, ya yi sallama, a sa talla, a shiga wani shiri. A waya kuwa in ka karanta labari, a ƙarƙashinsa mutum ɗari suna zagin juna, a ƙarƙashinsu bidiyon abin da ya faru, a ƙarƙashinsa wani makamancinsa na wani gari, kuma babu wanda zai ce maka an gama. Hannuna ma yana sake, idona yana kan tukunya. Na san abin da ke faruwa a gari kamar da, amma ba na kwana da shi a ƙirji.

Kira yana fita sarai, lasifikar tana da ƙarfi daidai gwargwado, ko a cikin ɗan sahu ina jin ƙararta a jaka. Tocilar tana saman kai, ta isa neman ashana ko raka yaro banɗaki, ba ta isa haska tsakar gida ba. Wasan macijin yara sun karɓe shi, kuma na fi samun natsuwa in ba su ita a kan in ba su babbar.

Rubuta saƙo aiki ne. Kafin ki samu harafin s sai kin danna 7 sau huɗu, don haka sallama kaɗai tana cin lokaci. Da farko abin ya dame ni. Daga baya na lura ina kiran mutane maimakon rubuta musu, maganar da za mu yi awa muna turo wa juna a WhatsApp sai ta ƙare a minti biyu, kuma na ji muryar mutum na san yadda yake.

An ce tana ɗaukar lamba 2000 da saƙo 500. Ni lamba arba'in da 'yan kai na sa, da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wannan zaman da na yi ina zaɓen wa zai shiga ƙaramar waya ya tsaya mini a rai. A babbar ina da lamba fiye da dubu, mafi yawa an rubuta musu "mai leshi ja" ko "ta Gombe". Da na zo tambayar kaina wa nake so ya iya tashina ƙarfe biyun dare, sai ga shi ba su da yawa: Hajiyarmu, maigida, 'yan uwana, surukata, makarantar yara, maƙwabta biyu, ɗan sahun da ke kai mini kaya, mutumina na Kwari. Shekara shida ina ba kowa da kowa wannan damar ba tare da na taɓa yanke shawarar bayarwa ba.

Ta ɓangaren kuɗi ta yi abin da nake buƙata. Layin da banki ke turo mini alat shi na mayar cikinta, don haka ko babbar tana ajiye ina ganin shigowar kuɗi. Ina danna lambar bankina in duba abin da ke asusu ko in yi tiransifa, ana cirar naira 6.98 a kowane shiga. Wannan dubawar ina ba kowace 'yar kasuwa shawarar ta riƙa yi kafin ta saki kaya, saboda alat na bogi ya yi yawa. *310# na duba kuɗin waya, *311# na sa kati, duk suna aiki kamar a kowace waya.

Ga yadda na tsara. Layin kasuwa da data suna cikin babbar. Daga sallar isha'i tana shiga durowa a falo, ba a ɗakin barci ba, ba ta fitowa sai ƙarfe tara na safe, bayan yara sun tafi makaranta na gama shara da wanke-wanke. Da rana ma ina ajiye ta daga azahar zuwa la'asar. A WhatsApp Business akwai saƙon da ke fita da kansa idan aka yi magana ba ka nan, na rubuta cewa shago yana buɗewa tara na safe ya rufe da isha'i, za a amsa kowa bi da bi in sha Allahu.

Sati biyun farko sun yi wuya, ba zan ɓoye ba. Hannuna yana kai kansa ƙarƙashin matashi. Na ciro ƙaramar in duba, ba abin dubawa, in mayar. Ranar da na kai autata rigakafi na zauna a layi kusan awa biyu ba komai a hannuna, na ji kamar zan tashi in tafi. Sai matar da ke kusa da ni ta fara ba ni labarin yadda ɗanta ke ƙin cin abinci, muka yi ta hira har aka kira mu. Sau biyu a cikin wata biyar ɗin nan na tashi cikin dare na buɗe durowar. Duka biyun ban samu komai ba da ba zai iya jiran safiya ba, kuma washegari na tashi da ciwon kai irin na da.

Yanzu abin da na rasa. A watan farko ciniki ya ragu. Akwai mata masu sayen dare, waɗanda sai sun kwantar da yara suke samun sukunin duba sitatus, kuma in ba ka amsa a lokacin ba wata za ta amsa. Wasu sun tafi ba su dawo ba. Na fahimce su, da ni ce ma haka zan yi. Daga baya abin ya daidaita, domin masu saye da gaske suna barin saƙo su jira, kuma da safe ina amsawa da kaina a natse, ban sake aika kayan wata ga wata ba. Data ma ta ragu sosai, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Duk da haka in aka haɗa lissafi ban ce na fi samun kuɗi ba. Kusan daidai nake da da, sai dai ina barci.

Wanda ya fi yi mini ciwo na zumunci ne. An yi rasuwa a dangin mijin yayata, aka sanar a zauren WhatsApp na gidanmu wajen goma na dare. Kowa ya ɗauka kowa ya gani. Ni sai tara na safe na gani, kafin in shirya in isa 'yan uwana duk sun daɗe a gidan gaisuwar. Hajiyarmu ta ja ni gefe ta ce, "Ke kuma ina kika shiga?" Na ba ta haƙuri na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce ai da can ma aike ake yi ko a buga waya. Tun ranar na bi 'yan gidanmu ɗaya bayan ɗaya na ce in abu ne na rasuwa ko rashin lafiya ko haihuwa, don Allah a kira ni. Duk wadda za ta yi irin wannan tsarin ta fara da wannan sanarwar tun ranar farko, kada ta jira sai abu ya faru kamar yadda na yi.

Abu ɗaya da na so a ce na bincika kafin in saya: wannan samfurin ba shi da wurin sa memori. Na so in zuba karatun Alƙur'ani da azkar in riƙa ji da asuba, ba hali. Nokia 110 tana da wurin memori da manhajar sauraro, har da 'yar kyamara, haka wasu daga cikin na itel. Da yau zan saya, 110 zan ɗauka saboda karatun kawai. Tawa kuma 2G ce, akwai 105 mai 4G da ta fi tsada kaɗan. Rubutun fuskar ƙanana ne, wanda idonsa ya fara rauni zai sha wahala, don haka ban ga ta dace a saya wa tsofaffi ba sai an gwada sun gani.

Ba kowa za ta yi wa amfani ba. Ɗalibar da ake sanar da lacca da jarrabawa a zaure, ko mai kai kaya da ke buƙatar taswira da hoton gida, ba za su iya ajiye babbar na tsawon haka ba. Wadda kuma za ta zuba wayoyin biyu a jaka ɗaya ta kwana da su a gado ɗaya, kuɗinta kawai ta kashe. Amfanin ƙaramar shi ne ta ba ki damar nisantar babbar ba tare da tsoron ko Hajiya ta kira ba a same ki ba. Wannan tsoron shi ne ya hana ni kashe waya shekara shida, kuma shi ne ta cire mini.

In za ki saya, jabu sun yi yawa a kasuwa. Ki danna *#06# lambar shaidar wayar (IMEI) ta fito, ki gwada da wadda ke jikin kwali da wadda ke ƙarƙashin batir, su zama ɗaya. Ki kunna rediyon a gaban mai shagon ba tare da abin kunne ba, ki sa layinki ki kira wani ki ji muryar, ki karɓi rasit.

Satin da ya wuce na je Kwari, aka buɗe mini wani zane mai ruwan ganye da ɗigon zinare. Na sayi turmi shida, biyar na ɗora a sitatus, ɗaya na kai wa tela ya ɗinka mini. Azumi yana tafe, kuma shi ne lokacin da rabin cinikin shekara ke zuwa, yawanci da dare. Mun yi magana da maigida, za a buɗe durowar awa ɗaya bayan tarawihi, daga tara zuwa goma, sannan a rufe har safiya. Goman ƙarshe kuwa na riga na gaya wa manyan kwastomomina su yi odar kayan Sallarsu kafin ashirin ga wata.